Ofishin Maigida a Zaure

(Cikin birnin Kano, watan Afrilu, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 Maigida ke kukan kuɗin mai, har oga ya yarda ya riƙa yin aikin kwana biyu a mako daga gida. Yau ce ranar farko.)

MAIGIDA: Maman Abba! A kwashe buhunan masarar nan daga zaure. Daga yau nan ofis ne.

UWARGIDA: Ofis kuma? To akuyar fa?

MAIGIDA: A ɗaure ta a gindin darbejiya. An yi mata canjin wurin aiki.

UWARGIDA: Ikon Allah. Malam, wannan ba teburin gugata ba ne?

MAIGIDA: A da ke nan. Yanzu miƙo min wani abu in ɗora kwamfutar a kai. Masana sun ce saman allon ya yi daidai da ido, tsakaninka da shi kamar tsawon hannu, in ba haka ba wuya ya sage.

UWARGIDA: Me zan miƙo?

MAIGIDA: Waccan kwallar ta kan kabad.

UWARGIDA: Kwallar aurena? Wadda Inna ta sayo a Kasuwar Kurmi? Ni ko tuwon sallah ban taɓa zubawa a ciki ba!

MAIGIDA: To ga shi yau ta samu aikin gwamnati. Kawo kujera kuma. Ba 'yar tsuguno ba, mai majingini. Dole tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, baya ya jingina, gwiwar hannu ta yi daidai da tebur.

UWARGIDA: Allah ya jiƙan Baba. Shekara arba'in yana rubutun allo a zauren nan a kan buzu, ban taɓa jin ya ce wash bayana ba.

MAIGIDA: Ai shi ba ya taron bidiyo ta Zoom. Juya min teburin, kada ƙofa ta kasance a bayana. In haske ya biyo ta ƙeya, baƙi ƙirin zan fito a hoto, oga ya ɗauka aljani ya ɗauka aiki.

UWARGIDA: Babbar riga da hula a sama, ƙasa kuma gajeren wando?

MAIGIDA: Kyamara iya ƙirji take gani.

(Ɗif, aka ɗauke wuta.)

UWARGIDA: A tayar da janareta?

MAIGIDA: Da wane man? Ga fanka mai caji, ga batirin ajiyar wuta da na sayo a Farm Centre. Na shirya wa komai. Abu ɗaya nake roƙo: daga ƙarfe goma zuwa azahar, ba na nan.

UWARGIDA: Ga ka kuwa ina kallo.

MAIGIDA: Jikina ne a nan. Ni ina ofis.

MAƘWABCI: Salamu alaikum! Ashe abin da ya faru ke nan? Sai haƙuri, Malam. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

MAIGIDA: Wa alaikumus salam. Wa ya rasu?

MAƘWABCI: Aikin naka mana. Tun safe ake maganar a wurin mai shayi, an ce har ƙarfe tara babur ɗinka bai fita ba. Liman ma yana tafe da jama'a.

MAIGIDA: Ba korata aka yi ba! Daga gida nake aiki, ta intanet.

MAƘWABCI: Haka ƙanen matata ya ce da farko. Kada ka ji kunya, arziki na Allah ne. Kai, wannan fanka akwai sanyi! Matsa kaɗan. Af, har da caji? Bari in ɗan sa wayata.

MAIGIDA: Malam Maƙwabci, taro zan shiga.

MAƘWABCI: Shiga abinka, ni ba na magana.

(Aka fara taro. Fuskar oga ta bayyana a kan kwalla.)

OGA: Malam, muna sauraron rahotonka.

MAIGIDA: Ranka ya daɗe, a wannan wata...

ALMAJIRI: Allazi wahidun! Iya, ko ɗan ƙanzo!

MAIGIDA: Allah ya ba da haƙuri! A'a, ba da kai nake ba, ranka ya daɗe. A wannan wata...

MAƘWABCI: Wannan ne ya kore ka? Alhaji, ka ji tsoron Allah, mutumin nan 'ya'yansa shida!

MAIGIDA: (yana laluben maɓallin kashe murya) Yi shiru, don girman Allah!

UWARGIDA: (daga bayan labule) A gaya wa mai ofis, in ya dawo gida, ba a bar kuɗin cefane ba. Kuma akuyar ta tsinke.

MAIGIDA: Na ce ba na nan! Da oga nake, mutumin da in ya fara surutu sai la'asar!

OGA: Malam, muna jin ka fa. Ba ka kashe ba.

(Maigida ya zabura ya miƙe tsaye don ban haƙuri. Kyamara ta sauka ƙasa da ƙirji.)

OGA: Zauna! Don Allah zauna! Wannan rashin tsari ne. Ni da kuke gani na keɓe ɗaki guda, na kafa doka, ko ƙuda ba ya...

WATA MURYA DAGA ƁANGAREN OGA: Alhaji! Gas ya ƙare, kuma ka ɗaga min ƙafa in ciro bokitina daga ƙarƙashin kwamfutar!

OGA: An ɗage taro.

MAƘWABCI: Wayyo, shi ma an kore shi? Ba ni kwatancen gidansa.