Naira Biyar ta Osai

Gwaggona ce uwar adashin matan layinsu a Tudun Wada, nan Kaduna. Duk ƙarshen wata 'yarta takan turo jerin waɗanda suka yi zubi ta WhatsApp a layi ɗaya zuruut: mai ƙosai: 5,000; mai ɗanwake: 3,000; haka har a kai ga amarya: 2,000. Suna, ruwa biyu, kuɗi, waƙafi mai ruwa, a sake. Ni kuwa lokacin ina ɗokin koyon Python, wani yaren ba wa kwamfuta umarni, sai na ce mata ta ajiye littafin nan nata mai maiƙon manja, zamani ya zo.

"To, injiniya," ta ce, "bismillah."

Na ɗauko regex, wato 'yar dabarar nan ta zana wa kwamfuta siffar rubutu don ta tsinto duk abin da ya dace da ita. Na kewaye suna da kuɗi da baka biyu, na liƙa alamar tarawa a baya, ma'ana a yi ta maimaitawa. Kwamfuta ta karanta jerin tsaf, ta fito da mutum ɗaya: amarya. Ashe rukunin da aka maimaita kamar allo yake, ana rubutawa ana wankewa, na ƙarshe kaɗai ke saura. Amaryar nan kuwa ita ce kullum sai an aika mata yaro kafin ta biya, shi ya sa ma take ƙarshen jeri.

"Wato duk layin nan ita kaɗai ce mai gaskiya?" in ji Gwaggo.

Na ce a yi haƙuri. Na sa ɗigo da tauraro, alamar da ta samo suna daga Stephen Kleene, masanin lissafi ɗan Amurka da ya assasa abin a shekarun 1950. Masu harkar da kansu suna kiranta mai haɗama, kuma wallahi ba su zalunce ta ba. Ta haɗiye jerin tun daga mai ƙosai har bakin kuɗin ƙarshe, ta ce duk sunan mace ɗaya ne, ta zuba 2,000.

Sai na koma findall, mai tsinto kowane suna da kuɗinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata tun farko. Jeri ya fito reras. Ban ko duba ba na tura zauren matan, na je na zauna cin tuwo.

Ban kai loma ta uku ba aka yi sallama da ƙarfi. Na ce wa kwamfuta suna shi ne harufan a zuwa z, ashe a cikin 26 ɗin nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mai ƙosai ta koma "osai", mai ɗanwake ta zama "anwake". Wannan da sauƙi. Na kuma ce kuɗi lambobi ne zalla, don haka da ta iso waƙafin 5,000 sai ta ja birki a kan 5.

Mai ƙosai ce tsaye a tsakar gida, da matsamin suya a hannu.

"Hajiya, wai ni ce Osai? Kuma naira biyar na zuba?"

Gwaggo ba ta ce uffan ba, ta nuna ni da haɓa.

Gyaran layi ɗaya ne: suna shi ne duk abin da ke gaban ruwa biyu, kuɗi kuma har da waƙafinsa. Kafin in gama bugawa mai ɗanwake ta shigo, ita da mijinta.