Masu kewar John McCain sun manta da Chibok

Tun da Donald Trump ya yi barazanar aiko sojoji Najeriya a farkon Nuwamban 2025, nake cin karo da masu sharhi suna cizon yatsa, wai da tsohon sanatan Amurka John McCain na raye da jam'iyyar Republican ba ta lalace haka ba. Maganar nan na ba ni haushi. Ko dai masu yin ta ba su bi labaran 2014 ba, ko kuma sun so su manta.

A watan Mayun 2014, 'yan matan Chibok na da kusan wata guda a hannun Boko Haram, McCain ya ce da shi ne shugaban ƙasa, da ya tura sojojin Amurka su ceto su ba tare da jiran izinin "wani mutum wai shi Goodluck Jonathan" ba. Ba sai kana son Jonathan za ka ji rainin da ke cikin wannan lafazi ba. Ƙasa guda aka mayar bayan gida, kowa ya ga dama ya shiga.

Za a ce ai jarumi ne. Ban musa ba. An harbo jirginsa a Hanoi lokacin yaƙin Vietnam a 1967, ya faɗo da karyayyun hannaye da ƙafa, ya shekara biyar da rabi a tsare, kuma da aka so sakinsa da wuri saboda mahaifinsa babban hafsan sojan ruwa ne, ya ƙi. Wannan azaba ce ta sa ya tsaya kai da fata a 2005 sai an hana azabtar da fursunoni. To amma wanda ya ɗanɗana yaƙi haka, me ya sa kusan duk rikicin da ya taso amsarsa bam ce? Ya goyi bayan mamaye Iraƙi a 2003. A 2011 ya taka har Bangazi yana jinjina wa 'yan tawayen Libiya, yana neman a ƙara musu makamai. Gaddafi ya faɗi, rumbunan makamansa suka watsu, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, hayaƙin kuwa har Nijar da Barno.

Sai kuma labarin da ake ta yayatawa na kamfen ɗin 2008, lokacin da McCain ya yi takarar shugabancin Amurka da Barack Obama. Wata dattijuwa a Minesota ta karɓi makirufo ta ce ba ta yarda da Obama ba, Balarabe ne. McCain ya girgiza kai, ya karɓe makirufon, ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali. Ana kiran wannan dattaku. Ni abin da na ji shi ne Balarabe daban, mutumin kirki daban.

Abin da ya kamata gwamnatocinmu su yi a fili yake: su daina auna 'yan siyasar Amurka da laushin baki, su duba ƙuri'un da suka kaɗa a majalisa. McCain ya shafe shekara 31 a majalisar dattawa yana wakiltar Arizona, kuma ƙuri'unsa na nan a rubuce.