Na kai gyaran kala, an dawo min da manja

Jama'a, ku taya ni jin takaici. Talabijin ɗina tsoho ne, irin mai ƙeyar nan, inci 21, tun ina gwauro na saye shi. Watan jiya kalarsa ta fara dusashewa, kusurwa ɗaya kuma ta yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga mata bula. Na ɗora shi a adaidaita sahu, da nauyinsa da komai, na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa.

Kwana 9 ina sintiri! Yau babu wuta, gobe yaronsa ya tafi da makulli, jibi ya je ɗaurin aure. Ranar da ya ba ni, ya karɓe naira 4,000, har da cewa, "Alhaji, yanzu ya fi sabo."

Na kunna da daddare, sai ga mai karanta labarai fuska jawur kamar an tsoma shi a manja. Farar babbar riga ta koma ruwan hoda. Aka sa ƙwallo, koren fili ya haɗiye rigar Super Eagles, sai gajerun wanduna kake gani suna gudu. Shuɗin kusurwar nan kuwa yana nan daram.

Ashe bawan Allahn nan bai taɓa komai ba, kalar kawai ya ƙure har 100. Wani maƙwabcina da ya san kan abin ne ya zauna da rimot: ya sauke kala zuwa sifili, hoto ya zama fari da baƙi, ya daidaita haske har baƙi ya zama baƙi sosai, sannan ya riƙa ƙara kala kaɗan-kaɗan har fatar mutum ta yi kama da fatar mutum. Ko rabi bai kai ba ya tsaya. Shuɗin kuma? Lasifikar da ɗana ya jingina a jikin akwatin ce, maganaɗisunta ke karkatar da kalar. Muka janye ta, muka zare soket na rabin awa, muka kunna, tabon ya ɓace.

Da na kira mai gyaran, wai "tubu ne ya tsufa, Alhaji, ka kawo a canza." Tubun uban wa? Gobe da sassafe ina ƙofar shagonsa, kuma da rimot ɗina zan je, ya nuna min inda aikin naira 4,000 yake.