Mai cewa zai raba ɗanki da ƙwaya a zama ɗaya, ki fara tambayarsa inda ya yi karatu

Kwanan nan in dai kana leƙa TikTok ko Facebook da wuya ba ka ci karo da su ba, matasa ne tsaf-tsaf cikin kwat, wani a Abuja wani a Legas wani ma ƙafarsa ba ta taɓa taka Najeriya ba, suna cewa da hifnosis, wato kwantar wa mutum da jiki da hankali ta hanyar magana don ya karɓi shawara, za su raba ka da sigari, su cire maka tsoron hawa jirgi ko tsoron magana a gaban jama'a, wai har shaye-shaye, duk a zama ɗaya ta waya, kai dai ka tura kuɗi. Kuma bidiyon nan yawo suke a gurup-gurup ɗinmu na Jos, iyaye mata na tura wa junansu, musamman wadda Allah ya jarrabe ta da yaro mai shan ƙwaya ta rasa inda za ta sa kanta.

Da an tayar da maganar a majalisa sai mutane su rabu, wannan ya ce ai aiki da aljanu ne, wancan ya ce a'a ilimin Turawa ne da ya fi ƙarfin asibiti. Ni dai a ganina duk sun ba abin girman da bai kai ba. Hukuncinsa a addini wannan fagen malamai ne, amma ta fuskar likitanci an daɗe da tona cikinsa. Wani likita Bajamushe Franz Mesmer ya cika birnin Faris da da'awar cewa akwai wani ƙarfi kamar na maganaɗisu da yake turawa jikin marar lafiya, mutane suna suma suna tashi suna cewa sun warke, har a 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti, cikinsu akwai masana kimiyya Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido suka gwada, sai ga wanda aka ce ana yi masa aikin alhali ba a yi yana faɗuwa, wanda ake yi masa bai sani ba kuwa ko gezau. Suka ce tunanin mutum ne ke aikin. Daga baya a shekarun 1840 wani likitan tiyata James Braid a Manchesta ya ɗauki abin ya cire masa tatsuniya ya bar abin da ya rage, wato tattara hankali wuri ɗaya da kuma karɓar shawara.

Abin da ake yi ke nan har yau. A zaunar da kai, a ce ka kafa ido a wuri ɗaya ko ka lumshe, ka riƙa jan numfashi a hankali, mai yi yana magana ƙasa-ƙasa yana cewa kafaɗarka ta saki, hannunka ya yi nauyi, can idan jikinka ya mutu sai ya fara sako maganar da ta kawo ka, misali warin hayaƙin sigari ya fara gundurarka. Kana jin komai fa, ba barci kake ba, in ka ga dama ka miƙe ka tafi, kuma ba kowa abin yake kamawa sosai ba, wani za a yi ta magana shi tunanin kuɗin cefane yake.

Yana da amfani? Yana da shi, a inda yake da shi. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a jinya tun 1955, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a can ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa ga mai matsalar hanjin nan da ke kawo murɗa da kumburin ciki idan magani ya gaza. Yana rage wa wasu zafin ciwo da fargaba kafin a yi masu aiki. Amma sigari da ake ta tallarsa a kai, a 2019 masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi suka ce babu isasshiyar hujjar cewa ya fi sauran hanyoyin daina sha. To ina batun tiramadol da kodin?

Nan ne raina yake ɓaci wallahi. Rahoton 2018 na binciken da aka yi da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ba sai an gaya wa mutumin Gangare ko Anguwan Rogo a nan Jos ba, yana gani da idonsa. Yaron da jikinsa ya saba da tiramadol idan ya yanke rana ɗaya zufa ce da rawar jiki da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wannan aikin likita ne da zai sa masa ido, ba murya mai daɗi a waya ba. Idan aka karɓe wa uwa kuɗin adashenta aka ce an gama, bayan sati yaro ya koma ruwa, me za a ce mata? Cewa za a yi yaron ne bai ba da haɗin kai ba. Daga nan sai ta yanke ƙauna ta fara neman gidan mari, mun kuwa ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga Rigasa a Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Batun tsoro kuma akwai hanyar da ta fi hifnosis hujja nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da armashin bidiyo shi ya sa ba a tallarta. Tun shekarun 1950 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu Joseph Wolpe ya tsara ta, a riƙa kusanto da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. Mai tsoron allura yau hoton sirinji kawai za ta kalla har bugun zuciyarta ya lafa, wani zaman ta riƙe shi a cikin ledarsa, gaba ta zauna kusa da wanda ake yi wa, sannan a zo kanta. Mu nan Jos ai mun san tsoro na gaske, akwai waɗanda tun tashin bam ɗin kasuwar Taminus na watan Mayun 2014 ba su ƙara son shiga cunkoso ba, ƙarar tayar mota ta fashe sai gabansu ya yanke ya faɗi. Irin wannan yana buƙatar ƙwararre, domin tono abin da ya wuce a hannun wanda bai iya ba yana iya dagula mutum, kuma an sha samun hifnosis ya sa mutum ya “tuno” abin da sam bai faru ba ya rantse a kai. Hukumar lafiya ta Ingila ma gargaɗi take yi cewa mai taɓin hankali irin na gane-gane da jiye-jiye kada ya yi shi.

Ba ina cewa duk abin da ba asibiti ba shirme ba ne. Farfesa Adeoye Lambo tun 1954 a Aro ta Abeokuta ya riƙa jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta yaba masa. Amma shi likita ne da ya san inda iyakar kowa take. Wanda ya yi kwas ɗin sati biyu a intanet ya buga satifiket ya rataye a bango fa? Ko a Ingila doka ba ta wajabta wa mai wannan sana'a wani takamaiman horo ba, balle nan da ko dokar lafiyar ƙwaƙwalwa sai a Janairun 2023 Buhari ya sa mata hannu ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Don haka Hajiya kafin ki tura ko sisi ki tambaye shi likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam ne, a ina ya yi karatu, wace hukuma ta yi masa rajista, kuma idan yaron ya rikice da tsakar dare wa za ki kira. In ya fara kame-kame ko ya ce tabbas ne zama ɗaya, ki kashe wayarki ki kama hannun yaron ku nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai layi akwai jira, amma akwai likitan da zai duba shi ya buɗe masa fayil.