Daga ɗakin taron mazaɓa na fara

Ranar da na fara zuwa taron reshen jam'iyya na mazaɓarmu a nan Manchesta, mu goma sha biyu ne a ɗakin, ana tsuga ruwa a waje. An shafe awa ɗaya da rabi ana magana a kan kwashe shara, ramukan titi, da wata motar bas da aka daina kawowa unguwar. Ni kuwa da takarda a aljihuna, na rubuta abin da zan faɗa game da haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo da waɗanda suka sauya jinsi. Ban fito da ita ba a daren nan. Sai da na yi wata bakwai ina zuwa, ina raba takardun kamfe gida-gida cikin sanyi, kafin na ɗaga hannu a kan maganar.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu: me ya haɗa Bahaushe Musulmi da wannan magana? Ni Bahaushe ne, Musulmi, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, ban kai nan ba. Abin da na tsaya a kai shi ne kada a doki mutum, kada a kore shi daga aiki ko daga gidan haya, kada ɗan sanda ya mai da shi saniyar tatsa, kada asibiti ta juya masa baya, don kawai wanda zuciyarsa take so. Akwai wani abokin karatuna da samarin unguwa suka yi wa dukan kawo wuƙa bisa zargi kawai, ya bar garin da dare, har mahaifiyarsa ta rasu bai dawo ba. Ina nan lokacin, na yi shiru. Shirun nan bai bar ni ba har yau, shi ne ya kai ni ɗakin taron.

A nan ƙofar a buɗe take, fiye da yadda yawancin mutanenmu suka sani. Ɗan Najeriya da ke da izinin zama a Birtaniya yana iya yin rajista ya kaɗa ƙuri'a, saboda Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Birnin Manchesta yana da mazaɓu 32, kowace da kansila uku, 96 ke nan. A jam'iyyar da nake, 'yan reshen mazaɓa ne ke zaɓen wanda zai tsaya takarar kansila, kuma waɗanda ke zuwa taron ba su taka kara sun karya ba. Mutum ɗaya mai naci yana da nauyi a irin wannan ɗaki.

Mutane a gida suna ɗauka Turawa da wannan ra'ayi aka haife su. Ba haka ba ne. Har zuwa 1967 ɗaure maza ake yi a Ingila a kan luwaɗi, Sikotilan kuwa sai 1980 ta sauya dokarta. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa Sashe na 28, wanda ya hana ƙananan hukumomi yin duk abin da za a kira tallata luwaɗi. A lura da waɗanda aka nufa da dokar: ƙananan hukumomi. Dalili kuwa a can ne aka fara motsi, kansiloli ne suka fara ware kuɗi da buɗe ofisoshi tun majalisar ƙasa ba ta waiwayi maganar ba. A watan Fabrairun shekarar, kimanin mutum 20,000 suka fito kan titunan wannan birni suna adawa da dokar, amma duk da haka sai 2003 aka soke ta a Ingila. Shekara goma sha biyar ana abu ɗaya. Ko a Fabrairun 2013 da aka kaɗa ƙuri'a a majalisar ƙasa kan halatta auren jinsi, 400 ne suka amince, 175 suka ƙi, kuma 'yan jam'iyyar Firaminista David Cameron da suka ƙi sun fi waɗanda suka bi shi yawa. Cikin waɗanda suka amince akwai Sadiq Khan, Musulmi, wanda aka yi wa barazanar kisa a kan ƙuri'ar. Shi ma daga kansila ya fara, a Wandsworth a 1994, kafin ya zama magajin garin Landan a 2016.

Ba aljanna ba ce nan ɗin. Tun 2018 aka yi alkawarin haramta abin da ake kira gyaran hali na tilas, wato ƙoƙarin sauya wa mutum jinsin da zuciyarsa take so, aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, kuma rigimar haƙƙin waɗanda suka sauya jinsi ta raba kan kowace jam'iyya. Amma a gaban jama'a ake rigimar, kowa ya faɗi tasa ya koma gida ya kwana lafiya.

In aka zo batun rai, siyasar mazaɓa ta gida ta fi ta nan. Ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, kuma a kowace akwai shugaban jam'iyya da kowa ya san ƙofar gidansa, akwai shugabar mata, akwai shugaban matasa. A nan maƙwabcina bai san sunan kansilansa ba. A can ko mai shayi zai lissafa maka daliget ɗin mazaɓarsa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon da ke can kuɗi ne da iyayen gida, wannan kowa ya sani. Amma a kan maganar da nake yi, ba kuɗi ne ya tare hanya ba, doka ce. Majalisar Dattawa ta zartar da dokar haramta auren jinsi a 2011, ta Wakilai a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Mutane sun riƙe shekara 14 da aka yanka wa masu auren, sun manta da ɗaya sashen: shekara 10 ga duk wanda ya kafa ƙungiyarsu, ko ya shiga, ko ya goya mata baya. Ga kuma dokokin shari'a na jihohi 12 na Arewa. Wato abin da na yi a wata na bakwai da ɗaga hannu kawai, a gida yana iya kai mutum gaban alƙali, in ma taron jama'a ya bar shi ya kai can.

Saboda haka ba zan zauna a nan cikin kwanciyar hankali in ce wa wani matashi a Kano ko Zariya ya miƙe a taron mazaɓa ya yi yadda na yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga 'yan'uwanmu na waje suna zuga na gida a Facebook, alhali in ƙura ta tashi ba su ne za su kwana a bayan kanta ba. Wannan ba jarumta ba ce.

Kawuna ya kira ni da ya ji labari. Ya ce, "Ɗana, ka je karatu ka ɗauko mana al'adar Turawa?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ban ce ka sauya abin da ka yi imani da shi ba. Amma addinin da ka koya min ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya hana hukunci ba shaida, ya hana kowa ɗaukar doka a hannunsa." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni lafiyar yara. Ba mu daidaita ba, amma bai kashe wayar ba. A ganina nan ne ɗan filin da ya rage a gida, kuma fili ne na gaske: ɗan jam'iyya yana iya tsayawa a kan cewa ba a yi wa kowa taron dangi bisa zargi, ba a kama mutane a jera su gaban kyamara kafin a kai su kotu. A Legas an gurfanar da mutum 47 da aka kama a wani otal a 2018, kotu ta kori ƙarar a Oktoban 2020 don masu gabatar da ita sun kasa ci gaba, amma fuskokinsu sun riga sun zaga duniya. Zargi irin wannan makami ne, ana iya ɗora shi a kan kowa, har abokin hamayyar siyasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kuma mu ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, lungu-lungu aka bi aka gina ta, ana dukan 'ya'yanta ana ɗaure su. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama, an kira ta da kowane irin suna, don ta ce mata su fito siyasa, kuma matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976. Ban ce maganar ɗaya ce ba. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne hanyar: ka zauna da mutane, ka ɗauki matsalarsu da gaske, su san ka kafin su san ra'ayinka.

Ƙudurin da na kawo a wata na bakwai ƙarami ne. Na nemi kansilolinmu su matsa a horar da ma'aikatan da ke karɓar marasa matsuguni, don su san yadda za su karɓi matashin da iyayensa suka kora saboda wannan dalili. Mutum tara suka ɗaga hannu, uku suka ƙi. Cikin ukun akwai wani dattijo da muke sallar Juma'a a masallaci ɗaya. Bayan taro ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce bai yarda da ni ba, kuma ba zai yarda ba, amma shi ma ba ya son ya ga ɗan kowa yana kwana a titi. Na ce, "Na gode, Baba." Ranar Asabar mai zuwa ni da shi aka haɗa mu ƙwanƙwasa ƙofofin layuka huɗu na bayan tashar jirgi, shi zai ɗauki gefen dama, ni na hagu.