Jay Williams ya tashi bayan faɗuwa, amma ba shi kaɗai ya ɗaga kansa ba

Duk mai bin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka a tashar ESPN ya san fuskar Jay Williams. Yana zaune cikin kwat yana warware wa masu kallo yadda wasa ya kaya, kamfanoni da makarantu kuma suna gayyatarsa ya yi musu jawabi kan yadda mutum ke miƙewa bayan ya faɗi. Ina cikin masu ganin girmansa ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake dunƙule labarinsa a ce ga wanda ya faɗi ya tashi, kowa ma ya yi haka. Rabin gaskiya ke nan.

Sai an san ko wane ne shi kafin a gane abin da ya rasa. A Jami'ar Duke, ƙarƙashin koci Mike Krzyzewski, shi ne mai rarraba ƙwallo. A watan Janairun 2001 Jami'ar Maryland tana gabansu da maki 10 a gidanta, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, magoya bayanta har sun fara murna. Williams ya kutsa gindin kwando ya zura ɗaya, ya ƙwace ƙwallo ya jefa daga nesa ta shiga, ya sake jefawa ta sake shiga. Maki 8 ke nan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Aka je ƙarin lokaci, Duke ta ci 98 da 96. A watan Afrilun shekarar suka doke Arizona suka ɗauki kofin ƙasa. A 2002 aka ba shi lambar Naismith ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya kuma kammala digirinsa na nazarin zamantakewa cikin shekara uku. Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, Yao Ming kaɗai aka ɗauka kafin shi. Chicago Bulls ce ta ɗauke shi.

Kaka ɗaya tak ya buga. Ranar 19 ga Yuni, 2003, yana ɗan shekara 21, ya hau babur a Chicago ba hular kwano, ba lasisin tuƙa shi, alhali kwantiraginsa ya hana shi hawan babur. Ya daki turke a gefen titi. Ƙashin ƙugunsa ya karye, wata babbar jijiya ta tsinke a ƙafarsa, gwiwarsa ta hagu ta wargaje. Mako guda bayan haka, yana kwance a asibiti, Bulls ta ɗauki Kirk Hinrich, wanda shi ma mai rarraba ƙwallo ne. Haka sana'ar take, ba ta jiran kowa. A 2006 ya gwada dawowa tare da New Jersey Nets, aka sallame shi tun kafin a fara kaka, ya gangara ƙaramar gasa, nan ma jiki ya ƙi.

Abin da ya sa jawabinsa yake shiga zuciya shi ne ba ya fakewa. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma shi yana faɗi da bakinsa cewa an gargaɗe shi bai ji ba, gangancinsa ne ya jawo masa. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2016 ya bayyana yadda ya kamu da ƙwayoyin kashe zafin ciwo, da yadda baƙin ciki ya kai shi ga yunƙurin kashe kansa. Namiji ɗan wasa, wanda tun yana yaro aka koya masa haɗiye ciwo, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi haka, wannan jarumta ce ta gaske. Matashin da ke cikin irin wannan hali ya ji shi, ya san ba shi kaɗai ba ne.

Sharhin ma ba kyauta aka ba shi ba. Taurari da yawa sun zauna gaban makirufo sun kasa, domin iya wasa daban, iya bayyana shi daban. Mai rarraba ƙwallo dole idonsa ya ga mutum tara da ke filin a lokaci guda, kuma wannan idon ne Williams ya kawo talabijin, har ya samu kujera a shirin College GameDay na ESPN.

To amma a duba abin da ke ƙarƙashinsa lokacin da ya faɗi. Tunda ya karya sharaɗin kwantiragi, Bulls tana iya korarsa ba ko sisi, amma ta biya shi kimanin dala miliyan 3 kafin su rabu a 2004. Yana da digiri a hannu. Yana da sunan Duke, sunan da ke buɗe ƙofa a gidajen talabijin na Amurka. Yana da iyaye da kocin da ba su juya masa baya ba. Duk wannan bai rage masa zafin tiyata ba, bai kuma rage ƙimar ƙoƙarinsa ba. Sai dai wanda ya ɗauki labarin ya kai wa yaron da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya ce masa ai ƙwazo ne kawai, ya zalunce shi.

Kuma irin waɗannan yara su ne mafi yawa. A ƙiyasin NCAA kanta, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kusan ɗaya cikin ɗari ne na 'yan ƙwallon kwando maza na jami'o'i ke samun shiga NBA ta hanyar zaɓen shekara-shekara, wanda yawanci mutum 60 yake ɗauka. Cikin sauran, wasu sukan gama da gwiwa mai ciwo, wasu ma ba digirin. A 2010 hukumar ta sayar wa kamfanonin talabijin na CBS da Turner haƙƙin nuna gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a lokacin da ɗan wasa ba shi da ikon karɓar kuɗin talla da sunansa. Sai a Yulin 2021 aka ɗage wannan haramci, bayan shekaru ana surutu. Cikin masu surutun har da abokin aikin Williams, Jay Bilas, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Duke ne kuma lauya, ya daɗe yana amfani da kujerarsa a ESPN wajen caccakar tsarin.

Nan ne nake ganin amfanin tsohon ɗan wasa a gaban makirufo ya fi yawa. Masu sauraro suna yarda da shi domin ya san zafin abin a jikinsa. Don haka duk jami'ar da ta gayyaci Williams ya ƙarfafa wa 'yan wasanta gwiwa, ya kamata a tambaye ta tun kafin a watse daga zauren: mutum nawa cikinsu ke kammala digiri, wa ke biyan kuɗin asibitin wanda ya ji rauni bayan ya bar makaranta, kuma akwai likitan ƙwaƙwalwa da zai saurari wanda aka ce masa wasa ya ƙare? Inshorar da NCAA ta fara a Agustan 2024 tana kula da raunin ɗan wasa na shekara biyu ne bayan ya daina buga wa jami'a, alhali ciwon gwiwa yakan bi mutum har tsufa.