Tagar Maƙwabci: A Ingila Ana Zuwa Kotu, Mu Kuma Ana Ba Mu Haƙuri

Dokar Ingila, inda nake zaune, ta kasa cutar da mutum zai iya yi wa maƙwabcinsa gida biyu. Ta farko ita ce shiga hurumin wani ba da izininsa ba, ko da ƙafa ko da katangar da ta ci taku ɗaya na filinsa, kuma a nan mai fili yana da damar kai ƙara ko ba a ɓata masa komai ba, domin shigar ita kanta ce laifin. Ta biyu kuwa ita ce mutum yana cikin gidansa, bai taka ƙasar kowa ba, amma hayaƙinsa ko ƙarar injinsa ko warin kwatarsa su hana na kusa da shi sakewa. Wannan sai an nuna cewa cutar ta wuce abin da aka saba jurewa tsakanin maƙwabta.

A watan Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a kan irin ta biyun. Gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe wani dandali a hawa na goma a 2016 domin baƙi su riƙa kallon gari, sai ya zama dubban ɗaruruwan mutane a shekara suna leƙen cikin wasu gidaje masu bangon gilashi da ke daura da shi, har da ɗaukar hoto. Mazauna gidajen sun faɗi a kotuna biyu, amma a ta ƙarshe alƙalai uku cikin biyar suka ce irin wannan kallo cutarwa ce. Duk da haka, kotun ba ta hana taga ta yau da kullum da ke kallon gidan wani ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya riga dokar Ingila, ya kuma zarce ta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10 na Miladiyya, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ta hana shi buɗe ƙofa daidai saitin ƙofar maƙwabcin, ta kuma hana haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin filin mai haƙar ne. Ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare ma ta ɗora ta a kan masu dabbobin.

To, a dubi unguwanninmu na Kano ko Zariya a yau. Mai hali zai tayar da bene a tsakiyar gidajen ƙasa, tagoginsa na kallon tsakar gidan talaka, inda mata ke daka da wanki da shanya, har ta kai matar gida ba ta fitowa ɗiban ruwa a randa sai da hijabi. Wani zai ajiye janareto a jikin bangon ɗakin da tsohon maƙwabcinsa ke kwana. Idan wanda aka cuta ya je wurin mai unguwa, yawanci abin da zai ji shi ne, "Malam, a yi haƙuri, zama ake yi." Idan ya ce zai tafi gaban alƙali, shi za a kira fitinanne. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba adalci ba ne a ce kullum wanda aka cuta ne zai yi shi.

Ba na sha'awar mu kwaikwayi Ingila a komai. A nan maƙwabta kan yi shekaru suna magana ta bakin lauya a kan shinge, kuɗin shari'ar kuma ya ninka darajar abin da ake jayayya a kai, alhali dattawan unguwa a wajenmu za su iya kashe maganar tsakanin la'asar da magariba. Abin da nake so shi ne sulhun namu ya riƙa ƙarewa da gyara: a toshe tagar ko a ɗaga ta sama da tsayin mutum, a matsar da janareton, a karkatar da indararon da ke zuba a katangar wani. Hukumomin da ke ba da izinin gini kuma su duba inda tagogin bene suka fuskanta tun a kan takarda, kafin a sa hannu.